Likitan Baya

Talata, da azahar

Auta ya faɗo daga kan rufi yau da safe. Muna asibiti. Ina zaune a bencin ƙofar ɗakin gaggawa, ina rubutu ne don in ba hannuna aiki.

Ƙanena ne, ciki ɗaya, kuma tare muke aikin rufin kwano tun yana ɗan saurayi. Gidan da muke yi wa rufi ba ma bene ba ne. Raɓa ce ta kwana a kan falanki, ya taka, ƙafa ta tafi, ya sauka da baya a kan tarin bulo. Mu uku ne a wurin: ni, da shi, da Dogo mai miƙo mana kwano daga ƙasa.

A bayan akori-kurar mai kawo mana katako muka kawo shi, a zaune, ya jingina da ƙirjina. Nas ɗin da ta tare mu ta dubi zaman nan, ta daka mana tsawa, ta ce kar wanda ya ƙara taɓa shi. Suka kawo wani dogon allo, suka sa masa abin riƙe wuya, suka taru a kansa suka mirgina shi gaba ɗaya, kai da kafaɗa da ƙugu a lokaci guda, kamar ana juya ƙofar da ba a so ta murɗe. Ni da na ƙare rayuwata a ɗaukar kaya, na tsaya ina kallon yadda ake ɗaukar mutum.

Likita ya yi mini tambayoyi. Na amsa wasu.

Talata, bayan magariba

Inna ta iso tare da matar Auta. Yarinyar nan cikinta ya tsufa, da ƙyar take jan ƙafa, amma ta ƙi zama. Inna kuwa ko hawaye ba ta yi ba, ta dai riƙe hannun rigata tana ta cewa, "Gara da kana wurin, Babba. Da shi kaɗai ne da yaya ke nan?" Na ce mata haka ne.

Likitan tiyata ya kira mu ya nuna mana hoto. Gajeren mutum ne mai saurin magana, sai ka kasa kunne sosai. Ya ce ɗaya daga cikin jerin ƙasusuwan baya ya fashe, gutsattsarinsa sun danne laka, ita kuwa lakar nan ta cikinta saƙo ke bi daga kai zuwa ƙafafu. Gobe za su shiga su ɗage abin da ya danne ta, su ɗaure wurin da ƙarfe. Ƙarfen zai tsayar da bayan. Maganar ƙafafu kuwa, ya ce ba zai yi mana alkawarin abin da ba ya hannunsa ba.

Har mun miƙe ya juyo gare ni. "Bayan ya faɗo, kafin ku ɗauke shi, ya motsa ƙafafunsa?"

Na ce ban lura ba. Dogo yana bayana, na ji lokacin da ya ja numfashi.

Laraba, da hantsi

Sun shiga da shi. A kan hanyar ɗakin tiyata ya ce mini gudumarsa na can kan rufi, kar in bari ruwa ya dake ta. Na ce to. Ya ci gaba da kallona har ƙofa ta rufe, ban kuma iya karanta kallon ba.

Inna na jan carbi. Matar Auta ta ninke rigarsa ta aiki a cinya, ta warware, ta sake ninkewa. Ni na san yawan fitilun da suka mutu a barandar nan.

Laraba, da la'asar

Ya fito. Likita ya ce aiki ya yi kyau, an ɗage ƙashin, ƙarfe ya zauna. Laka dai ta ƙuje sosai, sai kumburi ya sauka za a ga abin da ya rage. Inna ta ɗaga hannu tana godiya ga Allah. Ni ma na ɗaga.

Laraba, bayan magariba

Na ce wa likita ban lura ba. Na lura.

Juma'a, da safe

A wurin aiki Likitan Baya ake kirana. Duk wanda ya taɓa aikin rufi ya san yadda baya ke ƙagewa in mutum ya wuni a sunkuye yana buga ƙusa. To ni tun ina yaro na iya sakin baya. In an tashi aiki sai su jeru kamar 'yan makaranta. Mutum ya harɗe hannuwa a ƙirji, in zo ta bayansa in zura nawa ta ƙarƙashin hammatarsa, in ce ya saki numfashi, in ɗaga shi sama in girgiza sau ɗaya. Sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas tun daga ƙugu har wuya, mutum ya sauka yana sa mini albarka. Har magina daga wasu wuraren aikin kan zo. Ina taƙama da abin, ba zan ɓoye ba. Auta ya fi kowa so. Kullum shi ne a gaban layi, shi ne ma ya laƙaba mini sunan.

Ranar da ya faɗo, da na diro daga tsani na same shi kwance a kan bulon, idonsa biyu, yana cije baki. Yana jan ƙafar dama yana miƙewa, yana dukan ƙasa da diddige. Takalminsa ɗaya ya fita, na ga yatsun suna motsi. Ya ce, "Yaya, bayana ya riƙe."

Maganar da yake faɗa mini kowace yamma ke nan. Ban yi tunani ba. Wallahi ban yi ba, hannuwana ne suka tafi inda suka saba.

Ƙarar da na ji ba irin wadda na sani ba ce. Guda ɗaya ce. Da na sauke shi ƙafafun ba su karɓe shi ba.

Asabar, da yamma

An dawo da shi babban ɗaki. Kullum da safe likita kan zo da ɗan tsinke da auduga, ya fara daga ƙirji yana sauka yana tambaya ko yana ji. Yana ji, yana ji, yana ji, har ƙasan cibiya. Daga nan sai shiru. An sa masa robar fitsari. Da matarsa za ta zubar da jakar, ya juya fuskarsa bango.

Yau likita ya tambaye shi ko ya tuna yadda abin ya faru. Ina tsaye wajen taga, Inna na gefen gado. Auta ya ce ya tuna ƙafarsa ta zame, daga nan sai fitilun asibiti, tsakani bai san komai ba.

Na ji sanyi a raina. Rubuta wannan ya fi mini wuya a kan na jiya: ƙanena na kwance ba ya jin rabin jikinsa, ni kuma na ji sanyi a raina don ya manta.

Litinin, da hantsi

An haɗa mu da mai gashin ƙashi. Sajan ake ce mata. Ba soja ba ce, marasa lafiyar ɗakin ne suka sa mata, don in ta shigo har masu barcin ƙarya farkawa suke yi. Tsohon direban da ke gadon kusa da Auta ya ce shi da ya san akwai irin matar nan a duniya da bai yi haɗari ba.

Ta lanƙwasa ƙafafun Auta ta miƙar, gaɓa bayan gaɓa, don kar su sandare. Ta ba shi wata igiyar roba ya riƙa ja, ta ce daga yau hannuwansa ne za su yi aikin da ƙafafu suka ajiye, ko sun dawo ko ba su dawo ba. Sannan ta tara mu. Ta ce mutumin da ba ya ji daga ƙugu zuwa ƙasa ba zai san fatarsa na cinyewa ba, dole a riƙa juya shi a kai a kai, dare da rana. Nas-nas ba su da yawa, ba za su iya su kaɗai ba. Ana bukatar mutum ɗaya mai ƙarfi daga gida ya koyi juyawa da ɗagawa, kuma ba za a sallame shi ba sai an sami wannan mutumin.

Ta dubi Inna da gwiwoyinta, ta dubi cikin matar Auta, ta dube ni.

Na ce mata akwai aikin da muka bari a buɗe, damina kuma na tafe. Gobe zan zo in koya.

Talata, da yamma

Ban je ba. Na ƙarasa rufin nan. Na sauko da gudumarsa.

Laraba, da la'asar

Da aka tashi aiki wani sabon lebura ya zo ya tsaya a gabana ya harɗe hannuwa yana murmushi, wai an ce masa ni ne likita. Ban san lokacin da na zazzage masa masifa ba. Yaron ya tafi yana waiwaye, bai san laifin da ya yi ba.

Dogo ya jira kowa ya watse. Ya ce shi bai faɗa wa kowa ba, ba kuma zai faɗa ba, don da shi ne ya riga isa da shi ma zaunar da shi zai yi ya ba shi ruwa, abin da muka taso muka ga ana yi ke nan. Na ce masa zaunarwa daban, abin da na yi daban. Bai musa ba. Da ma ya musa.

Juma'a, bayan azahar

Na fasa dakalin ƙofar gidan Auta na yi gangare, yadda keke zai hau ba tare da an ɗaga ba. Inna ta hana a ce keken guragu a gabanta, sai dai a ce keke kawai. Na cire ƙofar banɗaki na faɗaɗa ta. Aikin ya yi kyau, ko ni na faɗa.

Na leƙa asibiti da kayan aiki a jikina, na tsaya daga ƙafar gado na ba shi labarin gangaren. Ya ce madalla. Sajan ta hango ni daga ƙarshen ɗaki ta nufo ni, sai wayata ta yi ƙara. A gaskiya wayar ba ta yi ƙara ba. Na kara ta a kunne na fita.

Asabar, da safe

Ƙaramar 'yata ta rugo da gudu ta ɗaga hannuwa in cilla ta sama yadda muka saba. Na ja da baya. Ta tsaya da hannuwa a sama tana jira, sannan ta sauke su ta tafi wajen uwarta.

Maiɗakina ta kawo mini ruwan wanka. Ta ce, "Malam, tun ranar nan ko kafaɗar mutum ba ka dafa ba. Ban san abin da ke cin ka ba, amma yara sun fara tambaya." Na ce gajiya ce. Ta ce to, Allah ya huce gajiya, a irin muryar da ke nuna ba ta yarda ba.

Litinin, da hantsi

Yau cinyarsa ta hagu ta ji tsinke. Daga sama kawai, wuri kamar faɗin tafin hannu. Likita ya sake gwadawa idon Auta a rufe, ya ce ya ji. Inna ta kusa rungume likitan. Shi kuwa ya ce alama ce mai kyau amma kar mu gina gida a kanta.

Na bi shi baranda. Na ce ina da tambaya, ba a kan ƙanena ba, a kan wani ne da na sani. A ce mutum ya faɗo, yana motsa ƙafa, sai wani ya ɗaga shi tsaye da ƙarfi, daga nan ƙafafun suka mutu. Faɗuwar ce ko ɗagawar?

Ya cire tabarau ya dube ni, wannan karon bai yi saurin magana ba. Ya ce ƙashin ya riga ya fashe tun a ƙasa, wannan babu shakka. Ɗagawar ba ta yi masa alheri ba, wannan ma babu shakka. Wane kaso ne na faɗuwa, wane ne na ɗagawa, hoto ba ya nunawa, babu kuma likitan da zai iya rantsewa. Wani ana lallaɓa shi a kan allo tun daga wurin, ƙafafun su tafi duk da haka. Wani kuwa da an bar shi a kwance da ya taka. Ya ce, "Ka gaya wa wanda ka sanin nan, duk inda ya ƙara ganin mutum ya faɗo, ya bar shi yadda yake, ya riƙe masa kai kawai, ya kira masu ɗauka. Ya kuma gaya wa abokan aikinsa."

Na je ne ko dai a wanke ni ko a yanke mini hukunci. Na dawo ba ko ɗaya.

Laraba, da yamma

Na yi masa allon zamewa, wanda ake sawa tsakanin gado da keke. Sajan ce ta ce za a bukace shi nan gaba in hannuwansa sun yi ƙarfi. Na wuni ina goge shi da samfefa har ya yi santsi kamar faranti. Na aika Dogo ya kai.

Alhamis, da azahar

Sun fara zaunar da shi, da wata riga mai tauri da ke riƙe masa baya. Karon farko jiri ya ɗebe shi, ya yi amai. Inna ce ta ba ni labari. Ta ce daga baya ya yi jifa da kofi, ya ce kowa ya fita, har matarsa. Ta ce ita da yarinyar nan suke juya shi in nas ba ta kusa, ɗaya ta ja zanen gado ɗaya ta tura, wani lokaci sai sun huta a tsakiya. Ba ƙorafi take yi ba. Ta ce ta san aiki ya yi mini yawa, ni kaɗai nake riƙe da gida biyu yanzu, Allah ya yi mini albarka.

Albarkar nan tata ta fi zagi ciwo.

Asabar, da hantsi

Sajan ta kama ni. A ƙofa ta tsaya, babu ta inda zan bi. Ba ta yi faɗa ba, ta dai ce in biyo ta. Ta ja labule, ita da nas suka mirgina Auta gefe, ta ɗage rigarsa ta nuna mini ƙasan bayansa, daidai inda ƙashi ke taɓa katifa. Wurin ya yi ja ya soma duhu, fatar tana sheƙi. Ta danna da yatsa ta ɗaga, launin bai canza ba.

Ta ce wannan shi ne farkon gyambon kwanciya. Shi ba ya jin sa. In ya buɗe yakan ci nama har ƙashi, in ƙwayar cuta ta shiga jini tana iya kai shi inda faɗuwar ba ta kai shi ba. Daga yau an rage zama, an dakatar da rabin abin da suka fara, sai wurin ya huce. Ta ce tsohuwa da mai ciki sun yi iya ƙoƙarinsu, amma jan sa suke yi a kan zane, ba ɗaga shi ba, jan kuma shi ke goge fatar.

"Na ga allonka," in ji ta. "Ban taɓa ganin mai kyansa ba. Amma katako ba ya juya mutum."

Fuskar Auta na kallon bango duk wannan lokacin. Na ga kunnensa, na san yana ji.

Na ce gobe.

Lahadi, da safe

Na zo har ƙofar asibiti. Na zauna wajen mai shayi. Na koma.

Lahadi, da la'asar

Ba ƙyama ba ce, Allah ya sani. Ni na yi wa yaron nan tsarki yana jariri, a wuyana ya girma. In na matso kusa da gadon ne sai hannuwana su tuna. Nauyinsa yana nan a damatsana har yanzu, da yadda ya saki numfashi don ya yarda da ni, da ƙarar nan. Ina tsoron in taɓa shi in ƙarasa abin da ya rage. Ina kuma tsoron in ya ji hannuwana a hammatarsa, abin da ya manta ya dawo masa.

Wannan na biyun shi ne gaskiyar. Na farkon ina faɗa ne don ya fi daɗin ji.

Talata, da hantsi

Naƙuda ta kama matar Auta da asuba, a nan gefen gadonsa. An wuce da ita ɓangaren haihuwa, can ɗaya ƙarshen asibitin. Inna ta bi ta. Maiɗakina ta kira ni ta ce Auta shi kaɗai ne, ta kuma ce in ban tafi ba ita za ta tafi, in zauna da yara. Na zo.

Ina zaune a kujerar matarsa. Bai yi mini magana ba, ban yi masa ba. Tsohon direba yana ta zuba labarin hanya don ya cike shirun, har shi ma ya gaji. Nas biyu sun zo sun juya shi, na tashi na ba su wuri.

Talata, da yamma

Mace ce. Lafiya lau, ita da uwar. Inna ta aiko a faɗa.

Zan rubuta sauran yadda ya faru, don kar gobe in gyara shi.

Auta ya ce yana so ya gan ta. Ba a kawo jarirai ɗakin nan, saboda masu ciwo iri-iri. Aka kira Sajan. Ta duba jan wurin, sannan ta ce za ta yarda ya zauna a keke na ɗan lokaci a kan matashi mai laushi, a je a dawo. Amma hannuwansa ba su kai ga allo ba tukuna, sai an ɗaga shi, mutum biyu: ɗaya ya riƙe ƙafafu, ɗaya ya zo ta baya. Ita za ta riƙe ƙafafu. Nas ɗin namiji ya tashi aiki. Ba ta ko dube ni ba, ta ce bari ta je ta ɗauko matashin, ta ja labule ta fita.

Auta ya ce, "Yaya, matso."

Na matso.

"Na tuna, ka sani." Muryarsa ƙasa-ƙasa, don kar direba ya ji. "Na tuna takalmina da ya fita. Na tuna ƙarar. Na ce wa likita ban tuna ba ne don Inna na tsaye."

Na buɗe baki, ya ɗaga mini hannu.

"Bari in gama. Wata safiyar in na farka na ga ƙafafun nan, ji nake kamar in shaƙe ka. Wata safiyar kuma sai in tuna ni na ce maka ya riƙe, kuma na san abin da kake yi in na faɗi haka. Ban gama da wannan ba. Kar ka roƙe ni yafiya yau, ba ni da ita a hannu. Amma ka ɗaga ni sau ɗaya, ka ajiye, ka gudu ka bar ni da tsohuwa da mai ciki suna jana a kan zane kamar buhu. Kullum ina jin tafiyarka a baranda, ka zo ka tsaya ka koma. Wannan ya fi na farkon ci mini rai."

Kuka nake, ban san sanda na fara ba. Ya ce in share fuskata, ba ya son 'yarsa ta fara ganin baffanta da majina.

Sajan ta dawo. In ta ji wani abu, ba ta nuna ba. Ta ɗaure masa rigar baya, ta ɗago kan gadon a hankali har ya zauna, ta jira jiri ya wuce. Ta kafa keken a gefe ta danne birki. Sannan ta ce wa Auta ya harɗe hannuwa a ƙirji, ta ce mini in tsaya ta bayansa, in zura hannuwana ta ƙarƙashin hammatarsa in kama damatsansa.

Riƙon nan ne. Shi ne sak, babu abin da ya bambanta.

Na tsaya. Ta ce me nake jira. Auta ya ce, "Ya iya, Sajan. Ya fi kowa iyawa. Ki dai gaya masa kar ya girgiza."

Na zura hannuwana. Ya rame, na ji haƙarƙarinsa ta cikin rigar. Na ji zuciyarsa na bugawa da sauri, sai a lokacin na gane shi ma tsoro yake ji, kuma duk da tsoron ya saki nauyinsa a kaina. Sajan ta ce in lanƙwasa gwiwa, in manna shi da ƙirjina, bayansa a miƙe, ba fizga, ba murɗawa, in ta ce uku mu tashi tare. Ta ƙirga. Muka ɗaga, muka juya, muka sauke shi a kan matashin.

Babu ƙara. Na daɗe ban saki ba, sai da ya ce in sake shi ya sha iska.

Ni na tura keken har ɓangaren haihuwa. Aka miƙo masa ita a cikin zane. Ya daɗe yana kallonta, ya buɗe zanen ta ƙasa, ya taɓa tafin ƙafarta da yatsa. Ta janye ƙafar. Ya sake taɓawa, ta sake janyewa. Inna na dariya tana hawaye. Ni na fita baranda.

Da lokaci ya cika na dawo da shi, ni da Sajan muka mayar da shi gado. Ta nuna mini yadda ake juyawa ba tare da an ja fata ba, da inda ake sa matashi tsakanin gwiwoyi da ƙarƙashin idon sawu. Ta sa na maimaita har sai da ta daina tsaki.

Alhamis, da azahar

Na tara su Dogo a wurin aiki kafin a hau rufi. Na gaya musu abin da likita ya ce a yi in mutum ya faɗo. Wani ya tambaya ko an rufe asibitin Likitan Baya ke nan. Na ce an rufe.

Na ce wa mai gini daga yau rabin wuni zan riƙa yi.

Asabar, da safe

A nan nake kwana yanzu, a kan tabarma tsakanin gadonsa da na direba. Ina juya shi in lokaci ya yi. Sajan ta duba wurin ɗazu, ta danna, ta ce ya fara hucewa, in aka ci gaba a haka mako mai zuwa za a koma zama da koyon allo. Cinyar hagu na nan yadda take. Ta dama shiru.

Inna har yanzu tana cewa gara da ina wurin. Ni da Auta ba ma haɗa ido in ta faɗa.

Bai ce ya yafe ba, ban kuma tambaya ba. Da asuba da na zo juya shi, ya ce hannuwana sun yi sanyi, in riƙa murza su kafin in taɓa shi. Na murza.